Barkono a Maganin Gargajiyar Hausawa

Barkono tsiro ne mai 'ya'ya masu yaji daga jinsin da masana tsirrai ke kira Capsicum. Danginsa ɗaya da tumatir da gauta da dankalin turawa da taba. Hausawa suna amfani da shi a miya da yaji, kuma suna lissafa shi cikin kayan magani, musamman na cututtukan da ake dangantawa da sanyi. A birnin Kano, daga tsoffin unguwanni irin su Dukawuya da Gwale da Mandawari da Jakara har zuwa sababbin unguwannin bayan ganuwa, da wuya a sami gidan da ba a ajiye kwalbar yaji. Nau'in da littattafan maganin ganye na Turai da Amurka suka fi ambata shi ne dogon jan barkono siriri da suke kira kayen, wanda ya fi kusa da abin da ake kira shambo a kasuwannin Kano.

Yajin barkono yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna kafsaisin. Binciken likitanci ya tabbatar cewa wannan sinadari yana rage wasu nau'o'in ciwon jijiya da na gaɓɓai idan an shafa shi a fata, kuma barkono yana ɗauke da bitamin C da bitamin A. Amma bincike bai nuna cewa barkono yana warkar da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon daji ko bugun zuciya ba, duk da cewa ana yawan yaɗa hakan.

Sunaye da ire-ire

Kalmar barkono tana da ma'ana biyu a Hausar Kano. Takan zama sunan dukkan dangin masu yaji, takan kuma zama sunan ƙananan 'ya'yan da ake busarwa a daka yaji da su. Manyan ire-iren da ake samu a kasuwa su ne:

Tsiduhu: ƙaramin barkono mai tsananin yaji, wanda aka fi sayarwa busasshe. Yawanci daga nau'in Capsicum frutescens yake.

Shambo: dogo siriri, ja idan ya nuna. Yajinsa matsakaici ne, kuma yana ba miya launi. Daga nau'in Capsicum annuum yake, nau'i ɗaya da kayen.

Attaruhu: gajere mai ƙwarya-ƙwarya, mai ƙamshi da yaji sosai. Wasu na cewa attarugu, a wasu yankunan kuma tugande. Daga nau'in Capsicum chinense yake.

Tattasai: babba mai kauri, yajinsa kaɗan ne ko babu. Shi ma Capsicum annuum ne.

Wasu daga cikin waɗannan sunaye sun yi kama da na Yarbanci. Yarbawa suna cewa ata rodo da sombo da tatase, inda Hausawa ke cewa attaruhu da shambo da tattasai. Wannan kamanni ya dace da daɗaɗɗen cinikin kayan miya tsakanin arewa da kudancin Najeriya. Likitan nan ɗan Birtaniya J. M. Dalziel ya rubuta sunayen tsirran ƙasar Hausa, har da barkono, a littafinsa na 1916 kan kalmomin tsirrai na Hausa, sannan ya faɗaɗa bayanin amfaninsu a littafinsa na 1937 kan tsirran Afirka ta Yamma.

Masoro da kimba da citta ba dangin barkono ba ne, ko da yake ana haɗa su gaba ɗaya a ce kayan yaji. Kowannensu da sinadarin da ke ba shi nasa yajin.

Asali da zuwansa ƙasar Hausa

Asalin barkono nahiyar Amurka ne. Mutanen yankin da ake kira Meziko a yau sun fara noma shi tun kimanin shekara 6,000 da suka wuce. Bai fito daga can ba sai bayan tafiyar Kiristofa Kolumbus ta 1492. A cikin ƙarni na 16 'yan kasuwar Fotugal suka yaɗa shi zuwa gaɓar tekun Afirka da Indiya da gabashin Asiya, daga nan ya bi hanyoyin fatauci ya shiga cikin ƙasa. Sunan kayen ana danganta shi da garin Cayenne na Giyanar Faransa a Kudancin Amurka, wasu masana kuma suna ganin daga harshen Tupi na mutanen Burazil ya fito.

Wannan yana nufin cewa lokacin da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, babu barkono cikin kayan da ake kasawa a cikinta. Kayan yajin da suke 'yan asalin Afirka ta Yamma su ne irin su masoro da kimba da citta mai ƙwaya. Barkono ya zo daga baya, amma ya yi saurin karɓuwa saboda yana yi a ƙasa mai zafi, yana da sauƙin busarwa, kuma yana daɗewa a ajiye.

Don haka ne ma ba a samun barkono a tsoffin littattafan maganin Musulunci. Ibn Sina ya rasu a 1037, Ibnul Ƙayyim kuma a 1350, duk kafin barkono ya ƙetaro teku. Kalmar filfil da ke cikin irin waɗannan littattafai tana nufin baƙin masoron Indiya ne. Masu fassara ta da barkono suna jingina wa barkono abin da aka faɗa game da wani tsiro daban.

Noma da kasuwanci

Ana noman barkono da damina, ana kuma yin sa da rani a fadamu da wuraren ban ruwa. A jihar Kano, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin rani na yankin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman tumatir da albasa da attaruhu da tattasai. Ana kuma nomansa da yawa a jihohin Kaduna da Katsina da Jigawa. A Jamhuriyar Nijar, yankin Diffa da ke bakin kogin Komadugu Yobe ya shahara da busasshen jan tattasai, wanda ake shigo da shi Najeriya.

Ɗanyen barkono yana shiga Kano ta kasuwannin kayan gwari irin su 'Yankaba. Busasshe kuma ana samunsa a Kasuwar Kurmi da Kasuwar Rimi da Dawanau, ana auna shi da kwano ko gwangwani. A Kurmi, masu kayan yaji da masu sayar da sassaƙe da saiwoyi suna kusa da juna, kuma mai haɗa yajin magani yakan sayi kayansa daga ɓangarorin biyu. A cikin unguwanni kuwa mata ne suka fi daka yaji a gida, su ƙulla a leda ko su zuba a kwalba su sayar.

Sinadaran da ke cikinsa

Kafsaisin ya fi yawa a farin ɓargon da ke cikin barkono, wato inda 'ya'yan cikin ke maƙale. Ƙwayoyin da kansu ba su ne tushen yajin ba, shafarsa kawai suke yi. Wani masanin haɗa magunguna ɗan Birtaniya, John Clough Thresh, shi ya raɗa wa sinadarin suna a 1876.

A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano yadda kafsaisin ke aiki. A bakin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa akwai wani furotin mai aiki kamar ƙofa, ana kiransa TRPV1. Ƙofar tana buɗewa idan zafi ya wuce kimanin digiri 43 a ma'aunin Selsiyos, kuma kafsaisin ma yana buɗe ta. Saboda haka ƙwaƙwalwa takan ɗauka baki yana ƙonewa alhali babu wuta. Daga nan gumi yake karyowa, hawaye da majina su zubo, fuska ta yi ja. Wannan bincike yana cikin abin da ya sa aka ba Julius kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021, tare da Ardem Patapoutian. Tsuntsaye ba sa jin wannan yaji, domin tasu ƙofar ba ta amsa wa kafsaisin.

Ana auna ƙarfin yaji da ma'aunin da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a Amurka a 1912. A wannan ma'auni tattasai marar yaji yana kan sifili, kayen yana tsakanin 30,000 da 50,000, ƙananan barkono irin tsiduhu sukan kai 50,000 zuwa 100,000 ko fiye, dangin attaruhu kuma 100,000 zuwa 350,000. Tsantsar kafsaisin yana kan miliyan 16.

Giram 100 na ɗanyen jan barkono yana ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 140, wato fiye da ninki biyu na abin da ke cikin lemon zaƙi mai nauyi ɗaya. Daga wani nau'in tattasai na garin Szeged a ƙasar Hangari ne Albert Szent-Györgyi ya fitar da bitamin C mai yawa, kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1937. Sai dai busarwa a rana da doguwar dahuwa suna rage wannan bitamin, kuma yajin da mutum ke barbaɗawa a abinci bai wuce ƙaramin cokali ba. Mai neman bitamin C zai fi samunsa daga ɗanyen tattasai da gwaiba da lemo. Jan launin barkono yana zuwa daga wasu sinadarai da jiki ke mayar da wani ɓangarensu bitamin A, wanda ido da fata ke buƙata.

Matsayinsa a maganin gargajiya

A fahimtar gargajiya ta Hausawa, sanyi yana shiga jiki ya haddasa cututtuka da dama, kamar mura da tari da ciwon gaɓɓai da ciwon mara da raunin mazakuta. Abin da ke korar sanyi kuwa shi ne abu mai zafi, ko na wuta ko na yaji. A nan barkono ya sami gurbinsa, tare da citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan tunani ba. Samuel Thomson, wani mai maganin ganye da ya yi suna a Amurka a farkon ƙarni na 19, ya gina dukkan tsarinsa a kan cewa sanyi ne tushen cuta, kuma barkonon kayen yana cikin manyan magungunansa. Daga irin wannan makaranta ce wani ɓangare na yabon da ake yi wa kayen a intanet ya samo asali.

Hausawa ba su cika raba abinci da magani ba. Masu binciken al'adu Nina Etkin da Paul Ross, waɗanda suka yi aiki a wani ƙauye na yankin Wudil a jihar Kano, sun nuna a wani rubutu na 1982 cewa tsirrai da yawa da ake sha a matsayin maganin ciki su ne kuma ake ci a abincin yau da kullum. Barkono misali ne na haka. Ga hanyoyin da aka fi amfani da shi:

Mura da toshewar hanci: ana yi wa mai mura farfesun kaza ko na kayan ciki ko na kifi mai yaji sosai, ko a dafa masa shayi da kayan yaji, don ya yi gumi hancinsa ya buɗe.

Buɗe ciki: wanda ya tashi daga jinya bakinsa ba ɗanɗano akan ba shi kunu ko fate ko romo da yaji don ya iya cin abinci.

Jego: yajin jego, wanda ake daka shi da barkono da citta da masoro da kimba da daddawa da sauransu, yana cikin kayan da ake tanada wa mai haihuwa. Tana cin sa da tuwo da nama a kwanaki arba'in na wankan jego. Ana cewa yana ɗumama jiki, yana fitar da jinin biƙi, yana kuma kawo ruwan nono.

Ciwon gaɓɓai da na baya: akan kwaɓa garin barkono da man kaɗanya ko wani mai a shafa a inda ke ciwo.

Yajin maza: haɗi ne na barkono da saiwoyi da sassaƙe da ake barbaɗawa a nama, ana sayar da shi da sunan ƙarin kuzari.

Kiwo da ajiya: a karkara akan jefa barkono a ruwan shan kaji lokacin annoba, ana kuma cusa busasshensa cikin buhun wake don korar ƙwari.

Bayan waɗannan, yaji yana tare da abincin titi na Kano kusan gaba ɗaya: tsire da balangu da kilishi, gurasa da ɗanwake, ƙosai da awara, garau-garau da dafaffen rogo. Hatta fura ana saka mata kayan yaji. Saboda haka yawancin mutane suna shan kafsaisin kullum ba tare da sun ɗauke shi magani ba.

Abin da binciken likitanci ya nuna

Ciwon jijiya da gaɓɓai

Nan ne hujja ta fi ƙarfi. Idan aka dinga shafa kafsaisin a wuri ɗaya, da farko wurin yakan yi zafi, amma daga baya bakin jijiyoyin yakan gaji ya daina kai saƙon ciwo na wani lokaci. Akwai man shafawa na kemis mai ɗauke da kafsaisin kashi 0.025 zuwa 0.075 cikin 100, wanda ake shafawa sau uku ko huɗu a rana don amosanin gaɓɓai. Sauƙin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji shi, kuma matsakaici ne. A 2009 hukumomin magunguna na Amurka da Tarayyar Turai suka amince da wata filasta mai suna Qutenza, mai kafsaisin kashi 8 cikin 100, don ciwon jijiyar da ke biyo bayan ƙurajen da ƙwayar cutar ƙarambau ke sake tayarwa a jikin manya. A 2020 Amurka ta ƙara amincewa da ita don zugin ƙafa na masu ciwon suga. Ma'aikacin lafiya ne ke manna ta na minti 30 zuwa 60, kuma sauƙin yakan kai wata uku.

Wannan ya nuna cewa al'adar shafa barkono da mai a gaɓa tana da tushe. Bambancin shi ne na kemis an san adadin da ke ciki, na gida kuwa ba a sani ba, kuma yana iya sa fata ta yi bororo. Haka kuma kafsaisin yana rage jin ciwo ne kawai, ba ya gyara gaɓar da ta lalace.

Mura

Yaji yana sa majina ta tsinke ta zubo, don haka mai mura yakan ji hancinsa ya buɗe na ɗan lokaci. Ruwan zafin farfesu ma yana taimakawa. Amma ƙwayoyin cutar bairos ne ke kawo mura, kuma barkono ba ya kashe su a jiki. Mura takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Tarin da ya wuce mako biyu, ko wanda ke tare da jini ko rama ko gumin dare, yana buƙatar gwajin tarin fuka.

Gyambon ciki

An daɗe ana cewa yaji ne ke kawo gyambon ciki, wato olsa. A farkon shekarun 1980 likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawansa, kuma aka ba su kyautar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Barkono ba ya haifar da gyambon, amma yana iya tsananta zafinsa ga wanda ke da shi, yana kuma tayar da ƙwannafi. Maganin gyambon da ƙwayar cuta ta kawo shi ne haɗin magungunan da likita ke rubutawa bayan gwaji. Daina cin yaji kaɗai ba ya kashe ƙwayar.

Basir

Wani gwaji da aka yi a Italiya a 2006 kan masu basir 50 bai ga ƙarin ciwo ko jini ba bayan an ba su garin barkono daidai na cin abinci ɗaya. Amma ga wanda duburarsa ta tsage, wani bincike a Indiya ya nuna barkono yana ƙara masa zafi. Dalili shi ne ba duk kafsaisin ke narkewa a hanji ba, kuma akwai irin waccan ƙofa ta TRPV1 a mafita.

Zuciya da tsawon rai

A 2015 aka buga wani bincike daga ƙasar Sin da ya bi diddigin mutane kusan 487,000 na tsawon shekaru. An ga cewa masu cin abinci mai yaji kwana shida ko bakwai a mako, mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa da kashi 14 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa ci ko sau ɗaya a mako. Wani binciken na 2019 kan mutane kusan 23,000 a yankin Molise na Italiya ya sami sakamako mai kama da wannan. Irin wannan bincike yana lura ne da abin da mutane ke ci da kansu, don haka ba ya iya tabbatar da cewa barkonon ne sanadi. Mai cin yaji yana iya bambanta da wanda ba ya ci ta fuskar sauran abincinsa da aikinsa da lafiyarsa tun farko. A ɗaya ɓangaren kuma, wani bincike na 1994 a Meziko ya sami alaƙa tsakanin cin barkono mai yawan gaske da ciwon dajin ciki, shi ma ba tare da tabbatar da sanadi ba.

Rage ƙiba

Kafsaisin yana ɗan ƙara yawan kuzarin da jiki ke ƙonawa, kimanin kalori 50 a rana, yana kuma ɗan rage sha'awar abinci ga wasu. Wannan adadi bai kai abin da ke cikin rabin kwalbar lemon kwalba ba. Yajin da aka ci da soyayyen abu mai maiƙo ba zai rage ƙiba ba.

Iƙirarin da ba su tabbata ba

Ana yaɗa saƙonni a WhatsApp da Facebook cewa cokali ɗaya na garin barkono a ruwan ɗumi yana tsayar da bugun zuciya nan take, ko yana narkar da gudan jini, ko yana tsayar da zubar jini daga rauni. Babu gwajin likitanci da ya nuna haka. Haɗarin irin wannan saƙo shi ne ɓata lokaci. A bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, sa'o'in farko su ne suka fi muhimmanci, kuma ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa yana iya sa ya shaƙe. Ciwon ƙirji mai tsanani, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa farat ɗaya, alamu ne na a garzaya asibiti. A Kano manyan asibitocin da ke karɓar irin wannan sun haɗa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad.

Haka nan barkono ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga. Gwaje-gwajen da ke nuna kafsaisin yana kashe ƙwayoyin daji an yi su ne a ɗakin bincike ko a jikin ɓeraye, da adadin da mutum ba zai samu daga abinci ba.

Illoli da matakan kariya

Ga mai lafiya, cin barkono daidai misali a abinci ba shi da illa. Yawansa yana kawo zafin ciki da ƙwannafi da gudawa da amai. A watan Yunin 2024 hukumar abinci ta ƙasar Denmak ta janye wasu nau'o'in taliyar Koriya ta Kudu daga kasuwa saboda yawan kafsaisin da ke cikinsu, musamman don tsoron lafiyar yara.

Ba a sa barkono a ido ko hanci ko al'aura ko kan rauni, ko da sunan magani ko da sunan horo. Hayaƙinsa yana toshe numfashi, kuma yana da haɗari sosai ga jarirai da masu asma. Turara shi ga wanda ya suma ko mai farfaɗiya ko wanda ake zaton aljanu sun taɓa shi yana iya jawo mutuwa.

Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Shi ya sa shan ruwa ba ya kashe yaji a baki, amma nono ko kindirmo ko madara suna kashewa, domin furotin ɗin da ke cikinsu yana kama sinadarin ya tafi da shi. Hannun da ya yi aikin attaruhu ana shafe shi da man gyaɗa sannan a wanke da sabulu. Idan ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na mintuna da dama ba tare da murzawa ba.

Ga mai ciki da mai shayarwa, yajin abinci ba matsala ba ne. Abin lura a kayan jego shi ne gishiri da kanwa. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa da shan kunun kanwa da tsananin zafin al'adun jego. Yajin kasuwa ma yakan zo da gishiri da sinadarin ɗanɗano masu yawa, abin da ya kamata mai hawan jini ya kiyaye. Mai jegon da ta ga ƙafafunta na kumbura ko numfashinta na sarƙewa tana buƙatar ganin likita da wuri.

Mai shan maganin tsinka jini ko wani magani na dindindin ya kamata ya tuntuɓi likita kafin ya fara shan ƙwayoyin barkono da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci, domin adadin da ke cikinsu ya fi na miya.

Ingancin barkonon kasuwa

Sau da yawa matsalar ba daga barkonon take ba, daga yadda aka sarrafa shi take. Barkonon da aka shanya a ƙasa ko a gefen titi yana kwasar ƙura da kashin dabbobi. Wanda bai bushe sosai ba, ko ya sha danshin damina a ajiye, yakan yi fumfuna. Wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta kuma take haddasa ciwon dajin hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Barkonon da ya yi baƙi ko fari-fari a ciki ko yake warin danshi, zubar da shi ya kamata a yi.

Akwai kuma algus. A wasu ƙasashe an kama garin barkono da aka zuba wa jan rinin masana'antu mai suna Sudan don ya ƙara kyau. A 2005 Birtaniya ta janye kayan abinci fiye da 500 daga shaguna saboda wannan rini. Sayen barkono da 'ya'yansa a daka a gida, ko a kai inji a gaban ido, yana rage wannan haɗari. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa kayan abinci da magungunan gargajiya na cikin kwali ko kwalba rajista. Yajin maza da sauran haɗe-haɗen da ba su da lamba ba a san abin da aka zuba a cikinsu ba.

Barkono a harshen Hausa

Kalmar yaji ta wuce kicin. Matar da ta yi fushi ta bar gidan mijinta zuwa gidan iyayenta an ce ta yi yaji, daga nan kuma aka sami yajin aiki, wato ma'aikata su ajiye aiki don neman haƙƙinsu. Hayaƙi mai sa hawaye da 'yan sanda ke harbawa ana kiransa barkonon tsohuwa, ko da yake wanda aka fi amfani da shi sinadarin masana'anta ne da ba shi da alaƙa da tsiron. Feshin da ake watsa wa mutum a fuska don kare kai shi ne ake yi da man barkono na gaske.

Duba kuma

Citta
Masoro
Kimba
Yajin jego
Wankan jego
Kasuwar Kurmi
Maganin gargajiya